Gayyar Gwaggo da Kiɗan Sifika

Shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo gida jiran aiki, ita ce shekarar da kiɗan nan ya shigo ƙauyenmu. Ba zan rantse a kan wanda ya fara kawo shi ba, amma ina kyautata zaton taubashina ne, ɗan kawuna, wanda ke dakon buhuna a kasuwar Dawanau. Duk Alhamis da yamma yakan dawo gida da wayarsa cike da bidiyo, kafin sallar Juma'a ya tura wa kowa. Shi ne kuma sarkin samarin unguwarmu, sarautar da ba wanda ya naɗa masa, ba kuma wanda ya iya tuɓe shi.

Sunan kiɗan dabstep, kamar yadda na gano daga baya. Gwaggo kuwa injin niƙa take ce masa, wai irin ƙarar da inji ke yi in tsakuwa ta shiga cikin hatsi. Yakan fara ne a hankali, ya yi ta hawa yana sauri kamar motar kaya a kan tudu, sai ya ɗauke ɗif na ɗan lokaci, sannan ya ɓarke da wani ruri mai girgiza ƙirji. Wannan wurin samarinmu suke kira fashewa, kuma shi kaɗai suka sani.

Ina nufin abin da na faɗa. Iyakar sanina, a cikinsu babu wanda ya taɓa jin kiɗa ɗaya tun daga farkonsa har ƙarshe. A gajerun bidiyo suka san shi, masu daƙiƙa goma sha biyar ko ashirin: mota na juyi tana hayaƙi, ƙato na shirin ka da ƙato, wani injin girbi na haɗiye gonar alkama a wata ƙasa. Duk yanka ɗaya aka yi musu. Lokacin da kiɗan ke hawa, abin da ke cikin hoton sai ya tsaya cak. Yana fashewa sai wani abu ya faɗi ko ya tarwatse. Manhajar wayar da suke kallon bidiyon a ciki kuwa, in ta ga ka kalli ɗaya sau biyu, sai ta jero maka goma. Cikin wata biyu, mutanen da aka yaye su da kalangu suka fara rantsuwa cewa su dama tun fil'azal irin wannan kunnensu yake so. Ka tambaye su sunan mai kiɗan, ba su sani ba. Da hoto suke kiran kowanne: na tarakta, na mai babur, na raguna biyu. Ido ne ya zaɓa, kunne ya bi shi kamar akuyar da aka ɗaura wa igiya.

Ban ce kiɗan ba shi da kyau ba. Wataƙila masu yin sa sun san abin da suke yi, kuma a wurin da aka yi shi dominsa yana da amfaninsa. Ni dai abin da na gani a gonar Gwaggo zan faɗa.

Gwaggo ƙanwar babana ce. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta biyu mata suna aure, ɗaya a Bacirawa ɗaya a Ɗambatta. Tana da 'yar gona a bayan gari, tsakanin gonar liman da tamu, inda ba a bar ko taku ɗaya babu shuka ba. Gero take sawa, a tsakanin geron kuma wake. Waken nan shi ne maganar. Ja ne, ƙanana, yana nuna da wuri a tukunya, harawarsa kuma awaki ba sa barin ko kara. Kakar mijinta ce ta zo da irin daga gabas, can wajen da danginsu suka taso, ana ta adana shi hannu da hannu. Sauran gari duk sun koma farin wake na kasuwa, ita kaɗai ta rage da shi. A shekarar da ta gabata ƙwari suka shiga tukunyar irin, abin da ta tsince bai fi ƙoƙo ɗaya ba. Duka ta shuka shi. Ba ta bar ko ƙwaya a gida ba.

Da lokacin maimai ya zo, wato noma na biyu, ciyawa ta taso mata da ƙarfi, ga ciwon baya ya hana ta sunkuyo. Baba ya ce a kira mata gayya. Ya ba ni goro ya ce in kai wa sarkin samari.

Na same shi a bakin shagon mai caji, sun haɗa kai su huɗu a kan waya ɗaya.

Ya ce, "Farfesa, an samu aikin ne, ko har yanzu ana duba takardun?"

Na ce, "Ana dubawa. Baba ne ya aiko ni. Gayya za a yi wa Gwaggo ranar Asabar."

"Gayya." Ya juya goron a hannunsa. "Kun kuma kira tsohon nan da gangarsa ya zo ya yi mana kirarin kakanninmu?"

"Ina jin haka za a yi."

"To ba mai zuwa. Ka duba fuskokin nan, ka ga mai kama da wanda zai yi noma da ganga? Amma in za a bar mu mu zo da namu kiɗan, mu ɗauki bidiyo, ni zan kawo maka mutum ashirin. Kafin azahar mun tashi gonar. Kai za ka riƙe mana sifika, tunda hannunka ba na fartanya ba ne."

Tsohon da yake nufi makaɗin noma ne, maƙwabcin Gwaggo. Tun ina yaro nake ganinsa a wurin gayya, yana bin bayan manoma da gangarsa a rataye. In wani ya fara ja da baya sai ya matsa kusa da shi ya kaɗa masa takensa. In layi ya karkace sai ya koma ɓangaren da aka bari. Na sha ganin kuma yana sassauta hannu a wasu wurare, kiɗan ya koma sanyi-sanyi, manoma su rage sara su koma kankara. Duk na gani da idona. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba. A wurina makaɗi ɗan nishaɗi ne, kamar rediyon da tela ke kunnawa yana ɗinki.

Baba bai so sharaɗin ba, amma ya san shekaru uku ke nan ba a yi gayyar da ta tara mutum goma ba. Ya ce maganar ta Gwaggo ce. Gwaggo kuma ta aika a kira ni.

Kafin in je sai da na kwana biyu ina bincike, don ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba. Na karanta abin da na samu a kan saurin bugun kiɗan, da yadda aka ce kiɗa na ƙara wa mai aiki kuzari. Na sauke cikakkun kiɗe-kiɗen guda takwas, na saurare su ɗaya bayan ɗaya har kaina ya yi ciwo. Ban karanta komai a kan wake ba.

Tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta ce, "Ɗan nan, kai ka yi karatu. Wannan injin niƙan nasu, zai yi noma?"

Na ce, "To, Gwaggo, a ilmance dai, duk kiɗan da ke da tsayayyen bugu yana iya taimaka wa mai aiki. Sai dai kuma akwai abubuwan da ya kamata a duba, kamar yanayin..."

"Zai yi ko ba zai yi ba?"

"Ba zan ce ba zai yi ba."

"Shi ke nan," in ji ta. "Allah ya kai mu Asabar."

Na fito ina jin na yi adalci, ban ɗauki ɓangaren kowa ba.

An yi ruwa daren Juma'a, Asabar ƙasa ta kwana da laushi. Taubashina ya cika alkawari har da ɗori. Ban taɓa ganin samari da yawa haka a gona ɗaya ba, ban kuma taɓa ganin an zo noma da irin wannan shiga ba. Rigunan 'yan ƙwallo wankakku, wani da baƙin tabarau, wani ya ɗaura jan ƙyalle a ƙotar fartanyarsa. Aka ba ni sifika mai girman ƙaramin bokiti, na rataya a wuya, aka haɗa ta da wayata. Wani dogo, mai gyaran babura, shi ne mai ɗaukar hoto.

Tsohon makaɗin shi ma ya zo, ba ganga, da fartanya a kafaɗa kamar kowa. Ba wanda ya gayyace shi, amma maƙwabci ba ya jiran gayyata. Shi da Baba da wasu dattawa biyu suka ja gefe, suka kama kusurwar da ke ƙarƙashin ɗorawa, nesa da mu.

Aka jeru a bakin kunyoyi. Na kunna na tarakta, wanda suka fi so. Sai ga wani sanyin kiɗa ya fito, da muryar mace tana rera wani abu a hankali.

Taubashina ya ce, "Farfesa, mene ne wannan? Biki muka zo?"

"Shi ne na tarakta. Farkonsa ke nan."

"Ƙarya ne. Na tarakta ba mace a ciki."

"Akwai. Minti biyar ne da wani abu. Fashewar tana gaba."

Mai tabarau ya ce, "An ba shi jabu. Yaron nan da digirinsa an cuce shi."

Na ja kiɗan gaba har wurin da suka sani. Nan take fuskokinsu suka washe, kamar an ga ɗan gari a tasha. Suka ce yawwa, ga shi, nan za ka riƙa sa mana. Abin da ya biyo bayan fashewar ma ba sa so. Da ta wuce da daƙiƙa goma sai su ce ya lalace, a maido baya. Haka na zama mai maido baya, da yatsa a kan waya, ina bin layi.

Ga yadda noman ya kasance. Kiɗa na hawa, sai duk su ɗaga fartanya sama su tsaya cak, kamar yadda suka ga ana yi a bidiyo. Ya ɗauke, su riƙe numfashi. Ya fashe, su auka wa ƙasa gaba ɗaya, sara a kan sara, suna gaba da gudu, ƙasa na tashi sama da kawunansu. Mai hoto yana tafiya da baya a gabansu yana taka duk abin da ya samu, yana cewa a ƙara watsa ƙasar, ita ce ke fitowa da kyau. Kiɗa ya wuce, su miƙe, su taru a kan wayarsa su ga yadda suka fito. A koma layi. A maido baya.

Gaskiya, sun yi sauri. Har na fara jin daɗi. Na tuna na ce a raina, to, ashe binciken bai tashi a banza ba.

Mun kai kusan rabin gona sai na ga tsohon ya bar kusurwarsu ya nufo ni. Ya tsaya yana kallon sifikar da ke wuyana kamar yadda ake duba dabba a kasuwa.

Ya ce, "Ɗana, sannu da aiki. Abin naka yana da murya, ba laifi."

Na ce, "Yawwa, Baba."

"Shi yana ganin inda wake yake?"

Na dubi sifikar, sai ya ci gaba.

"Na ce ko yana gani ne. Don ni in an zo kansa nakan sassauta musu. Matashi in jininsa ya hau ba ya bambance wake da ciyawa, sai an riƙe masa hannu ta kunne." Ya gyara fartanyarsa a kafaɗa. "Amma ku kuka san na zamani."

Ya koma wajen ɗorawa. Na juya na dubi inda aka wuce. Geron yana nan, don ya yi tsawo, ko makaho ya san da shi. Waken kuwa a lokacin ganye huɗu-huɗu ne, bai fi tafin hannu ba. Ga shi nan kwance a cikin ciyawar da aka sare, wani an raba shi biyu, wani saiwarsa na kallon rana. Na bi kunya ɗaya har ƙarshe, na ga biyu a tsaye.

Abin da ya kamata in yi a fili yake, maɓallin yana ƙarƙashin yatsana. Amma sai na fara tunani. Wataƙila wannan kunyar ce kawai. Wataƙila wake na sake tohowa, ban bincika ba. In na kashe suka yi fushi suka tafi, rabin gona ya zauna cikin ciyawa, laifin wa? Sai na rage ƙarar kaɗan, na matsa kusa da taubashina.

Na ce, "Ina ganin kamar ana ɗan taɓa waken nan."

"Kamar, ko ana?"

"To, a wasu wuraren dai, in ban yi kuskure ba."

"Wake ai ba ya mutuwa, Farfesa. Ka taɓa jin an yi jana'izar wake? Ƙaro mana murya. Sa na raguna biyu."

Na sa. Ina jin sau huɗu na ƙara maido baya bayan wannan, ko biyar. Na sha ƙoƙarin rage adadin a raina, amma bai taɓa sauka ƙasa da huɗu ba.

Wajen hantsi mata suka iso da fura da dambu, Gwaggo na biye da su tana dogara sanda. Ba ta nufi inuwa ba. Ta shiga kunyar farko tana tafiya a hankali, kanta a ƙasa. Ta sunkuya, da bayan nan nata da ya hana ta noma, ta ɗauki wani abu. Ta ƙara gaba ta sake sunkuyawa. Da ta iso wurina hannunta cike yake.

Ta ce, "Kashe injin nan."

Na kashe. Sai aka ji kukan kurciya, da ƙarar fartanyar dattawa daga kusurwa, ƙyas, ƙyas, ba gaggawa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce wa samarin sannunku da aiki, Allah ya yi albarka, ku zo ku sha fura. Suka zauna suna sha, sun kewaye mai hoto, ana ta dariya. Sai ta ce, "Ku nuna mini abin da kuka ɗauka."

Taubashina ya karɓi wayar da murna ya durƙusa gabanta. "Gwaggo, gonarki za ta shiga duniya. Kalli nan."

Mai hoto ya riga ya gyara wani yanki, ya rage masa gudu daidai wurin fashewa, ƙasa na tashi a hankali kamar hayaƙi. Ba zan ɓoye ba, ya yi kyau. Gwaggo ta kawo fuskarta kusa.

Ta ce, "Maido baya."

Taubashina ya maido, yana kallonmu yana murmushi, wai tsohuwa ta kamu.

"Ƙara maidowa. Tsaya nan." Ta ɗora yatsa a kan gilashin. A cikin ƙasar da ke sama akwai wani ɗan kore yana juyawa, da saiwarsa. "Wannan na bakin kunya ta uku ne. Biyu na zuba a ramin, ɗaya ya fito."

Murmushin ya tafi. Ya ce, "Haba Gwaggo, in wake ne ai gidansa nake aiki. Ranar Alhamis zan kawo miki wanda ya fi wannan, fari tas, manya."

"Na Dawanau ai na kowa ne, ɗan nan," in ji ta. "Sha furarka."

Sun ƙarasa sauran gonar ba kiɗa, cikin ɗaurewar fuska, kuma abin da ya rage na wake a wannan ɓangaren dama ba yawa. Bayan sun tafi, ni da tsohon muka bi kunyoyi muna mayar da masu sauran saiwa cikin ƙasa, Gwaggo na zuba musu ruwa da buta. Bai ce mini komai ba sai "danna da kyau". Kwana uku duk suka bushe, in ban da 'yan ƙalilan.

Bidiyon ya yi tafiya, aka ce. Taubashina ya yi mako biyu yana nuna wa mutane yawan waɗanda suka kalla, da maganganun da aka rubuta a ƙasa cikin harsunan da ba mai iya karantawa a cikinmu. Wasu samarin ƙauyen gaba suka kwaikwaya a gonar wani, ban san me aka shuka a cikinta ba. Kafin a yanke gero kuwa manhajar ta gaji da dabstep ta kawo musu wani kiɗan, mai rawar kafaɗa. Na ji da kunnena mai tabarau yana cewa shi dama bai taɓa son waccan hayaniyar ba, ta yara ce. Ni kaɗai aka bari da dabstep ɗin. Saboda kwana biyun da na yi ina bincike, wayata ta yanke hukuncin cewa ba ni da abin so kamarsa, har yau in na buɗe sai ta miƙo mini.

Da kaka ta yi, waken da aka samu na kusurwar ɗorawa ne, inda dattawa huɗu suka noma, sai ɗan abin da ya tsira nan da can. Gwaggo ta ɓare shi da hannunta, ba ta yarda an sa a turmi ba. Ya cika ƙoƙon nan da ta shuka, da ɗan tozo a kai. Ko ƙwaya ba ta dafa ba a shekarar.

Ranar da za ta adana shi na je gidan. Na same ta ta baza shi a faifai tana tankaɗe toka, matar tsohon makaɗin na zaune kusa da ita. Wannan karon na yi karatun da ya dace. Na zo da kwalba mai murfin roba, na wanke ta na shanya kwana biyu. Na yi mata bayani cewa in aka cika ta aka toshe, iska ba ta shiga, ƙwaro ba ya rayuwa. Na ce ta ba ni rabi in ajiye mata a ɗakina, ko da wani abu zai sami na tukunya.

Ta ɗago ta dube ni. "Zai yi ko ba zai yi ba?"

Na ce, "Zai yi."

Ban ƙara komai a kai ba, kuma na tabbata da abin da na faɗa.

Ta ce, "Madalla." Ta karɓi kwalbar ta juya ta, ta duba murfin, ta yaba. Ta raba waken biyu da gefen hannunta. Rabi ta cuɗa da toka ta zuba a tukunyarta. Ɗaya rabin ta ɗura a kwalbar tawa, ta toshe da kyau yadda na ce, ta miƙa wa matar makaɗin.

Ta ce mata, "Ki ce ya sa mini a ɗakin gangarsa. Sai damina."